Wa Ke Gurɓata Ruwan Basan?

Maigidana ya dawo daga yaƙin Nasara da akwatin ƙarfe ɗaya, da takalma masu nauyi, da wata ƙara a cikin kansa wadda shi kaɗai ke jin ta. Ina da cikin ɗiyarmu aka ɗauke shi soja, bai sake taka ƙauyenmu ba sai da ta fara zubar da haƙora. Ƙauyen namu a gindin dutse yake, tafiyar hantsi daga Buza. Da ya dawo mutane suka bar kiransa da sunansa, kowa sai Soja, ni ma haka zan kira shi a nan.

Mutumin da ya tafi mai fara'a ne. Wanda ya dawo kuwa ba ya zama ya ba ƙofa baya. In ka gaishe shi sau biyu sai ya ce me kake nema. In na miƙa masa ruwa sai ya karkata ƙwaryar wajen haske, ya leƙa, ya sake leƙawa, sannan ya sha. Da farko abin na ci mini rai, daga baya na saba.

Ya ce mini a gidan likitan da aka kwantar da shi, can ƙetaren teku, akwai wani rami na siminti cike da ruwa, ana ce masa basan. In ya shiga ya zauna ruwa ya kai masa wuya, sai ƙarar nan ta yi shiru. Don haka da aka sallame shi bai sayi saniya ba, bai sayi raƙumi ba. Madawa ya tafi ya yo lodin siminti, ya zo da wani magini da ya taɓa aiki a bariki, suka haƙa rami a tsakar gidanmu suka shafe shi sumul. Tsawonsa bai wuce mutum ɗaya da rabi ba, zurfinsa iya ƙugu, da ƴar kafa a ƙasa wadda ake toshewa da itace in za a zubar da ruwan. Jakai huɗu suka yi kwana biyu suna jido daga rijiyar fadama kafin ya cika.

Kai, na sha magana a bakin rijiya! Wannan ta ce Soja ya zama kwaɗo, waccan ta ce mu muna auna ruwan tuwo, wasu na jiƙa gindi. Na rama wadda zan iya ramawa, don ni ma bakina ba a ɗinke yake ba. Amma na ga amfanin abin da idona. Kullum da la'asar zai shiga ya zauna, ya rufe ido, in ya fito har wasa yake yi da yarinyar. Saboda haka ko gari duka zai zage ni, ni dai ina son basan ɗin nan.

Mutum ɗaya ce ba ta ce uffan ba, surukata. Inna muke ce mata. Gidanta na jikin namu, katanga ɗaya ta raba mu, da wata ƴar ɓaraka da muke bi in za a ɗebo wuta ko a ari taɓarya. Tana zaune da jikoki biyu, ƴaƴan ƙanen Soja, waɗanda uwarsu ta rasu, ubansu kuma ya tafi cin rani kudu bai dawo ba. Soja shi ne ɗanta na fari, kuma Inna irin matan da ne masu riƙon kunya da gaske. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, sai dai ta ce "wancan". Ba ta yi masa magana, ba ta shigowa gidanmu in yana ciki. Ranar da ya dawo daga yaƙi gari duka ya fito da guɗa, ita kuwa ta shige ɗaki ta ɗauki mazarinta tana kaɗi, sai dai na ga zaren na tsinkewa a hannunta. Shi ma bai tunkarar ta. Ni yake aikawa: "Ki tambayi Inna ko akwai abin da babu." In na tambaya ta ce, "Sai godiya." In dawo in ce masa sai godiya. Kullum da maraice ina aika mata ƙwaryar tuwo ta mutum ɗaya, kamar yadda na tarar ana yi.

Ruwan shuka ya sauka, muka yi shuka, muka shiga noman fari. Da sassafe mukan fita gona mu uku, ba mu dawowa sai azahar ta gota. Wata rana muka dawo, Soja ya tuɓe zai shiga basan, sai na ji ya ce, "Zo nan." Na zo na leƙa. Ruwan da muka bari garau, har kana ganin toshiyar ƙasa, ya yi fari-fari kamar ƙasari, da ƴar kumfa a gefe.

Na ce ƙura ce, ko akuya ta sa baki. Ya sa aka saƙa zana aka rufe saman. Da safe muka ɗaga, ruwan ya ɗan kwanta. Da muka dawo daga gona kuwa ya fi na jiya muni.

Sai ya ce magini ne ya cuce shi, ya gauraya masa farar ƙasa cikin siminti, ita ce ke narkewa. Muka zubar da ruwan, muka shiga da soso da dutsen goge kaushi, na yi ta gurza har fatar yatsuna ta saɓule. Siminti dai siminti ne, ko ɗigon fari bai fito ba. Aka sake kiran masu jakai. Wannan karon Soja ya bi su har rijiya, ya sa suka wanke salkunansu a gabansa, ya raka kowane jaki har gida yana kallon hannun mai shi. Ruwa ya cika garau. Washegari da azahar ya koma ƙasari.

Ranar kasuwa ya tafi Buza ya sayo alam, ya daka ya barbaɗa. Kafin gari ya waye komai ya kwanta a ƙasa, ruwa ya yi kyau, har muka yi murna. Da muka dawo daga gona sai ga shi kamar ba a zuba komai ba. Nan Soja ya tsaya ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Wanga aikin hannu ne."

Daga ranar gidanmu ya zama gidan zargi. Ya lissafa duk wanda ya taɓa kiransa kwaɗo. Ya daina gaisawa da maƙwabcinmu na gabas, mutumin da suka yi kiwo tare suna yara. In za mu fita gona sai ya share ƙofar gida da tsintsiya, ya ja baya yana goge sawunsa, don in mun dawo ya ga wanda ya shiga. Bai taɓa ganin komai ba sai sawun kaji. Ni ma ban zauna ba. Na zargi yaran unguwa da yin fitsari a ciki. Na zargi matar nan da ta fi kowa zafin baki a rijiya, har na daina karɓar gaisuwarta. Na zargi aljannu, na ce ƙila mun haƙa rami a kan hanyarsu. Allah na tuba, har shi kansa Soja na zarga, na ce ko ƙarar kansa ce ke sa shi yin abin da bai sani ba. Zato zunubi ne, na kuwa ɗebi rabona. Ƴar ɓarakar katanga kaɗai ce babu wanda ya kalla cikinmu, don ba mu ɗauke ta a ƙofa ba.

Kwana goma sha Soja bai shiga ruwa ba, don ya ce ba zai zauna cikin abin da ba ya ganin ƙasansa ba. Ƙarar ta dawo masa. Yana noma sai ya yar da hauya ya dafe kunnuwa. Tausayinsa ya kama ni, shi ya kai ni ga yin wautar da na yi.

A gidanmu, in an ɗebo ruwan tafki mai laka, kakata takan sassaƙo ɓawon anza, wannan ƙaramin itacen da ke ko'ina a kan fako, ta daka ta motsa a cikin randa, laka ta kwanta. Na ce bari in gwada. Ban gaya masa ba, don na san zai ce maganin ƙauye ne, abin da alam bai iya ba. Na daka da yawa na ƙulle a gefen zane. Da sassafe yana ɗaure jaki a waje na ɗaga zana ina zazzagawa, ban ji shigowarsa ba, sai ji na yi an damƙe mini hannu.

"Mi ne ne wanga?"

"Anza ce. Don ruwa ya kwanta."

Ya kamfaci ruwan ya kai baki, ya tofar. "Ɗaci." Ya dube ni irin duban da yake yi wa ƙwarya. "Wa ya ba ki? Wane boka? So kike ki mallake ni, ko ki ƙarasa haukatar da ni ki ci gida?"

Wallahi ban san lokacin da na fara ihu ba. Na ce shekara nawa na yi ina jiransa ana ce mini ya mutu, da ina son cin gida ai da tuni na ci, wane gida ma, akwatin ƙarfe da ramin kwaɗo? Wannan kalmar ta ƙarshe da na haɗiye ta da ya fi mini. Fuskarsa ta rufe. Ya ce, "Zan sake ruwa. Ki bar abin da kike yi. In ba ki bari ba, ranar Juma'a ki tattara ƙoranki ki tahi gidanku. Yarinya kuwa nan za ta zauna." Daga ranar ya daina shan ruwa daga hannuna, ya ciro goran sojansa daga akwati yana cikawa da kansa a rijiya.

Aka sake ruwa ranar Lahadi. Litinin da azahar ya gurɓace. Soja ya leƙa, ya dube ni, ya fita. Na tsuguna a bakin basan ina kuka, sai na tsoma yatsa na lasa. Ɗaci! Alhali wannan ruwan ban sa masa anza ba, kuma da hannuna na wanke ramin. Na kamfato na shinshina. Na san warin nan.

Ina ƙarama, shekarar da fara ta cinye gero, da dilo muka rayu. Dilo ƴaƴan anza ne. Ɗacinsa ya fi maɗaci, in aka ci shi haka nan illa yake yi. Sai an ɓare shi, an tafasa da toka, sannan a ɗure a jakar kaba a nutsa cikin ruwa mai yawa, kullum ana murzawa, kwana da kwanaki, har ɗacin ya fita. Ruwan da aka jiƙa shi ciki fari-fari yake yi, da kumfa, da wannan warin da ban taɓa mantawa ba. A shekarar yunwa kowa na ci, babu mai yi wa wani dariya. Amma a shekarar da mutane ke da gero, duk gidan da aka ga dilo an san rumbunsu ya ƙare, kuma abin faɗi ne har jikoki.

To wa ke jiƙa dilo a gidan Soja?

Talata da safe muka kama hanyar gona. Da muka kai fadama na ce cikina na murɗa, su yi gaba zan biyo su. Na zagaya ta bayan gari na haura katangarmu, ni da girmana, na shige ɗaki na saki asabari ina leƙe. Na riga na shirya zagin da zan yi wa matar nan ta bakin rijiya, har da na uwarta.

Hantsi ya ɗan ɗaga sai na ji motsi ta wajen ɓaraka. Inna ce. Ta shigo a duƙe, da jakar kaba a rungume kamar jariri. Ta janye zana, ta ɗaura wa jakar dutse da igiya, ta sauke ta cikin ruwa a hankali. Sannan ta durƙusa ta zura hannu biyu tana murzawa, farin abu na tashi yana bazuwa. Sai a lokacin na lura da hannayenta, sun zama kamar kara. Kullum ina ganin matar nan, ban taɓa duba ta ba.

Na fito na ce, "Inna!"

Ba ta razana ba. Ta ce, "Rage murya, ɗiyata."

"Tun yaushe?"

"Irin da na shuka shi ne na ƙarshe cikin rumbu."

"To tuwon da nike aikowa?"

"Yara ke ci. Allah shi yi miki albarka."

Kunya ta kama ni kamar in nutse. Ƙwaryar mutum ɗaya nake aikawa gidan mutum uku, tana dawowa a suɗe tas, ni kuwa ina cewa tsohuwa na son miyata. Na ce, "Haba Inna, mi ya hana ki faɗa? Ga rumbunmu nan!"

Ta ce, "In faɗa wa wa? In buɗe bakina in roƙi wancan?" Ta ci gaba da murza. "Ƙafata ba ta iya jidon ruwan da dilo ke sha. In na kai shi tafki, kafin azahar gari duka ya ji uwar Soja na cin dilo, shi yana wanka cikin siminti. Shi za a zaga, ba ni ba. Na ce ga ruwa nan zaune ba mai sha, in tsoma da hantsi in cire kafin ku dawo, wa zai sani?"

Ashe ba ta san komai ba. Matar da ba ta sauraron zancen ɗanta na fari, in ma ta ji muryarsa ta katanga sai ta matsa nesa, ina za ta san an sayi alam, an yi gaba da maƙwabci, an ba ni Juma'a? Na buɗe baki zan gaya mata, ta riga ni. Ta kama hannuna da jiƙaƙƙen hannunta ta ce, "Ki rufa mini asiri, Allah shi rufa naki. Kada shi ji." Na dubi fuskarta, na ce to. Ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Ina da ɗan rumbuna na geron gayaunata, wanda babu ruwan Soja da shi. A ranar na ɗebo damma biyu na tura mata ta ɓaraka, na ce ta kwashe jakarta kada ta sake kawowa. Da maraice na barbaɗa sauran alam. Laraba ruwa garau. Alhamis garau, har kana ƙirga tsagar itacen toshiya. Ina ta murna a raina, na ce shi ke nan, na tsira da aurena, Inna ta tsira da mutuncinta. Wauta!

Alhamis da la'asar Soja ya tsaya a bakin basan, bai tuɓe ba. Ya ce, "Kwana ashirin ina neman mai yi. Na zargi magini, na zargi masu jakai, na ɓata da abokina. Da na tsorata ki, ba a yi kwana nawa ba abu ya tsaya." Ya juyo. "Ashe ke ce."

Na ga ramin da na faɗa. In ruwa ya gurɓace ni ce, in ya yi kyau ma ni ce. Maganar na nan a bakina, kalma uku ta isa ta wanke ni. Na tuna jiƙaƙƙen hannun nan a kan nawa, na haɗiye. Ya ce ba zai iya kwana gida ɗaya da mai zuba masa magani ba, gobe in tafi. Na ce Allah ya isa tsakanina da ruwan nan, na shige ɗaki.

Juma'a da hantsi na fito da ƙoraina ina jerawa cikin raga. Soja na zaune a bakin basan ya ba ni baya, karo na farko da na ga ya ba wani baya. Ɗiyata ta ga ana ɗaure kaya, ta fashe da kuka ta ruga gidan kakarta. Ban hana ta ba, ban kuma aike ta ba, Allah ne shaidata.

Ba a daɗe ba na ji motsi ta ɓaraka. Inna ta shigo, a miƙe wannan karon, da ƴar ƙwarya a hannu. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ganin su biyu a tsakar gida ɗaya ba. Soja ya zabura ya miƙe, ya rasa inda zai sa idonsa, ya tsaya ƙiƙam kamar gaban kumandan. Ita kuwa ba ta dube shi ba. Ta ajiye ƙwaryar a bakin basan, ta fuskance ni, ta yi magana da ƙarfi yadda har maƙwabta za su ji.

"Ɗiyata, ki ce wa mai gidan ga ga maganin da ake zuba masa. Ki ce masa ni ke zubawa. Ki ce masa ruwansa ya ciyar da mutum uku kwana ashirin, an gode." Ta dubi ragar ƙoraina. "Ki kwance kayanki."

Ta juya ta koma yadda ta shigo. Ta katangar gabas na ga kan maƙwabciya ya leƙo ya koma, na san kafin a sauko daga masallaci gari duka ya ji. Abin da tsohuwar nan ta ci ɗaci tana ɓoyewa, ta fito da shi da bakinta saboda ni. Har ta koma ga Allah ba ta sake zuwa bakin rijiya ba.

Soja ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Shi ma ɗan ƙasar nan ne, shi ma ya ga shekarar fara, ba ya buƙatar a gaya masa ko mene ne. Ya durƙusa ya ɗebi dilon ya kai baki. Na ƙarshen nan ne da na sa ta cire, ɗacin bai gama fita ba. Na ga wuyansa na ƙin karɓa, ya tilasta masa. Ya sake ɗiba, ya sake, hawaye na bin gemunsa, yana tauna yana kallon rumbun uwarsa da ke leƙowa ta saman katanga, rufe da hularsa tsaf kamar cikakke.

Haushinsa nake ji, tausayinsa nake ji, ban san wanda ya fi yawa ba. Goran sojansa na rataye a kafaɗarsa, cike. Bai taɓa shi ba. Ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ba ni ruwa."

Na kwance ragar, na ciro ƙwarya ɗaya daga cikin kayan da na ɗaure, na ɗebo a randa na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu ya kafa kai ya shanye, bai leƙa ciki ba.